Farautar Tsuntsu Ba Baka Ba Kibiya A Birnin Katsina

A wannan mako zan ba ku labarin wani yawo da na yi. Ba wata ƙasa mai nisa na tafi ba, cikin birninmu ne na Katsina. Abin da na koyo kuwa shi ne yadda a ke ɗaukar hoton tsuntsun da ba na gida ba, wanda ba ya jin kira, ba ya kuma jiran kowa.

Ga mafarin abin. Mahaifiyata ta tsufa ƙwarai, ciwon ƙafa ya zaunar da ita, yau shekara 3 ke nan ba ta taka ƙofar gida ba. Tun tana amarya akwai wata tsamiya a bayan gidan, inda shamuwa ke yin sheƙa kowace shekara. Da ta ga shamuwa ta sauka sai ta ce a yi yaɓen soro, a fid da iri, damina ta ƙaraso. To, an sare tsamiyar, an gina shaguna a wurin. Bana da zafin bazara ya tsananta sai ta dinga tambaya, "Shin shamuwa ta zo kuwa?" In an ce mata ta zo, sai ta ce, "Ku dai kuna so ku kwantar mini da rai ne. Gani ya kori ji." Ni kuwa na ɗaukar mata alkawari, lalle sai na kawo mata shamuwar bana ta gani da idonta.

Na ɗauka abin wasa ne. Ran nan da tsakar rana na sa farin mayafi, na ɗauki wayata, na fita. Na hangi shamuwa biyu suna kiwo a wani fili, na miƙe sak na tasam musu. Tun ban matsa ba suka tashi. Da na duba abin da na ɗauka sai na ga fari fat, da wani ɗan baƙin ɗigo kamar ƙuda ya faɗa cikin nono. Na nuna wa ɗiyar wana, wadda ke makarantar sakandare, ta yi ta dariya. Ta ce, "Goggo, ai laifi uku kika yi: kin fita da rana tsaka, kin sa fararen kaya, kin kuma tunkare su gaba da gaba. Ki bari ran Asabar in aro kyamarar Baba mu fita tare."

Ran Asabar da ƙarfe 6 da rabi na safe muna gindin hasumiyar Gobarau. Wannan gini na ƙasa tsawonsa ya kai wajen ƙafa 50, ana kuwa cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Korau aka fara gina shi, fiye da shekara 500 ke nan. Sau nawa na wuce ta nan ban taɓa ɗaga kai na dubi masu fiffike ba! Ga hasbiya a kan katanga, ga tsattsewa suna kewaya sama, ga shirwa tana shawagi.

A nan na sami darasi na farko, watau na haske. Yarinyar ta ce in juya wa rana baya, yadda haske zai faɗa a kan tsuntsun. In kika fuskanci rana, tsuntsu zai fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwarta. A lokacin haske na da taushi, tsuntsaye kuma sun fito neman abinci. Da rana tsaka suna cikin ganye suna hutawa.

Darasi na biyu shi ne riƙo. Ta ce in manne gwiwoyin hannuna a jikin haƙarƙarina, in jingina da bango, in riƙe numfashi kaɗan, sa'an nan in danna a hankali. Ko ɗan motsin hannu ya kan sa hoto ya yi dishi-dishi. In kuwa tsuntsu yana tashi ne, sai a sa kyamara ta ƙifta da sauri, kamar kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, ko fiye. Mai waya kuma ta nemi wurin da ke ɗaukar hotuna da yawa a jere, daga baya ta zaɓi ɗaya. Na gwada a kan shirwa sau 20, sau 2 kaɗai ta shigo ciki, ɗaya ma wutsiyarta ce kawai.

Daga nan muka bi ta gaban tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, yanzu kuwa gidan adana kayan tarihi ce. Muka fita ta Ƙofar Sauri, muka tarad da balbelu suna bin shanu a gefen wani kududdufi. A nan na koyi darasi na uku, wanda ya fi duka wuya, watau matsawa kusa. Ba a tunkarar tsuntsu. Sai ki yi kamar wucewa za ki yi, ki bi ta gefe, kada ki zuba masa ido. Taku biyu, ki tsaya. In ya ɗaga kai ya daina ci, to, ya tsargu, ki daskare wuri ɗaya har ya koma kiwonsa. Kayan jikinki kuma su zama masu launin ƙasa ko toka, a bar awarwaro da takalmi mai ƙara a gida.

Wannan ya tuna mini da dabarar maharbanmu na dā, masu ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya suna tafiya suna gyaɗa kai, har su shiga cikin tsuntsaye ba a gane su ba. Ashe a Ingila ma an yi irin haka. Wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka buga littafin hotunan sheƙar tsuntsaye a 1895, sun sa an yi musu gunkin sa da fatar sa ta gaske, mai rami a ciki. Mutum ya shiga ciki da kyamara ya zauna, tsuntsaye na tsammani sa ne ke tsaye. Bambancinmu da maharbi shi ne, mu in mun gama farauta tsuntsun na nan da ransa.

Darasi na huɗu ido ne. Yarinyar ta sa na durƙusa har kyamara ta yi daidai da kan balbela. Ta ce, "Goggo, ki nemi idonta. In ido ya fito sarai, hoto ya yi. In bai fito ba, ko gashinta ya yi kyau aikin banza ne." A waya sai ki taɓa gilashi daidai kan tsuntsun kafin ki danna. Kada ki yawaita jawo hoto da yatsu, don yana ɓata shi. Gara ki matsa da ƙafarki. Ki kuma dubi abin da ke bayan tsuntsun. Ruwa ko sama ko ganye mai nisa sun fi tarin leda da wayoyin lantarki. Masu wannan sana'a su kan yi aiki da dogon gilashi na milimita 300 ko 400, amma wanda ba shi da shi sai ya saye kusanci da haƙuri.

Shamuwa dai ba mu same ta ba sai Asabar ta uku. Wani tsoho mai sayar da itace ne ya kwatanta mana wata kuka a bayan gari, wajen Ƙofar Guga. Muka tafi da ɗan rakiya, muka nemi izinin mai gonar, muka zauna a bayan wani dannin kara tun ƙarfe 4 na yamma. Sauro ya ci, ƙafa ta yi sanyi. Sheƙa 5 muka ƙirga. Ba mu matsa gindin itacen ba, domin in uwa ta firgita ta bar ƙwai, rana ko hankaka za su gama da shi. Ba a kuma kunna fitilar kyamara a fuskar tsuntsu. Can wajen ƙarfe 5 da rabi sai ga wata ta sauko da kara a baki, ta tsaya a reshe, hasken yamma ya faɗa mata. Na riƙe numfashi, na danna.

Sai a hoton nan na san kamannin shamuwa, ni da na girma ina ganinta. Bayanta baƙi ne mai sheƙi, cikinta fari, fuskarta shuɗiya da ɗan ja kusa da ido, gwiwoyinta da yatsunta jajaye. Nan ƙasashenmu ta ke ƙyanƙyasa da damina, tana cin fara da tsutsa, watau tana taimakon manomi. In kaka ta yi sai ta tashi ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin ne su ke samun ruwa. Ashe bin damina ta ke yi.

Da na kai wa tsohuwa, ta karɓa, ta kawo kusa da ido, ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ce, "Ita ce. Ga jan gwiwar nan. A gaya wa yara su yi yaɓe." Na sa aka wanke hoton, yanzu yana rataye a ɗakinta.

To, ke da ba ki cika fita ba, kada ki ce wannan ba naki ba ne. Ki sami kasko marar zurfi, ki zuba ruwa, ki ajiye a inuwa kusa da itace, inda kyanwa ba ta da maɓoya. Ki watsa ɗan gero a gefe, ki riƙa sake ruwan kullum don kada sauro ya yi ƙwai. Bayan 'yan kwanaki kurciya da ƙananan tsuntsaye za su saba. Ki zauna cikin ɗaki bayan labule ko asabari, ki ɗauka ta ƙofa. Da hunturu ki riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi saboda ƙura. 'Yan makaranta kuma kada ku shiga daji ku kaɗai, kada ku saita kyamara a gidan mutane sai da izini.

Kowane hoto ki rubuta ranarsa da wurinsa, domin shaida ce. Ku tuna da ungulu. Dā ba a zuwa mahauta a rasa ta, yau yara da yawa ba su taɓa ganinta ba. A 2015 masana na duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Nijeriya na da irin tsuntsaye fiye da 900, akwai kuma cibiyar nazarinsu ta A. P. Leventis kusa da Jos, wadda ke tattara labarin inda a ke ganin kowane iri. Da a ce iyayenmu sun bar mana hoton tsamiyar nan da sheƙunanta, da mun nuna wa mai gatari.

Saboda haka in kin ga ɗanki ya ɗauki danƙo zai harbi tsuntsu, ki ara masa waya, ki ce ya kawo miki shi a hoto. Zai ga wannan ta fi wuya, ta kuma fi daɗi. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Sai mako mai zuwa.