Tsohuwar Nguroje da ta kayar da mu a muhawara

Mu huɗu muka yi shawara cewa dogon hutun bana ba za mu ƙarar da shi a zaure muna latsa waya ba. Ɗaya daga cikinmu ɗan Nguroje ne, ya daɗe yana cika mana baki da sanyin garinsu a kan tsaunin Mambila, sai muka ce bari mu je mu gani da ido. Muka yi karo-karo, muka ari tsohuwar Golf ta yayan wani abokinmu bisa sharaɗin mu dawo da ita yadda muka karɓe ta, muka kama hanyar Taraba a tsakiyar watan Agusta.

Daga Jalingo muka bi ta Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. Burinmu a nan shi ne mu ga kufan sansanin da Jamusawa suka gina kusa da ƙauyen Gashaka, lokacin da yankin yake cikin Kamaru ta Jamus. Uku daga cikinmu tarihi muke karanta, har mun tsara hotunan da za mu ɗauka. Damina ta ce ba ta san zancen ba. Rafi ya cika ya batse, muka tsaya a bakinsa muna kallon ruwa, muka juyo ba hoto ko ɗaya.

Hawan dutsen ya fara ne bayan Mayo Selbe. Hanyar tana ta nannaɗewa, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami mai zurfin da ba wanda ya so ya leƙa. Sau biyu motar ta ɗauki zafi, muka sa duwatsu a bayan tayoyi, muka jira ta huce kafin mu zuba mata ruwan jarka. Mai ajiyar kuɗinmu, wanda ya fi kowa surutu tun daga Jalingo, ba a sake jin bakinsa ba sai salati. Da muka kai sama kuwa, sai ga tuddai kore shar iya ganinka, shanu na kiwo, gajimare na ratsa titi a gabanmu. Mu da muka taho da 'yan riguna marasa nauyi, a Maisamari muka sayi rigunan sanyi na gwanjo.

Amma abin da ya sa muka rubuta wannan ya faru ne a ɗakin kakar abokinmu, da dare, muna kewaye da kaskon wuta ana shan shayin Kakara. Tsohuwar ta haura tamanin, Fulatanci take yi, jikanta yana fassara mana. Ta tambayi abin da muke karantawa, muka faɗa mata cike da taƙama. Sai ta ce to mun san ta taɓa zaɓar ƙasar da za ta zauna a ciki?

Mun san labarin a takarda. Bayan yaƙin duniya na farko an raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila, wannan ɓangaren ya faɗa hannun Ingila, kuma a Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mafi rinjaye suka zaɓi Najeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Abin da muka ƙi yarda da shi shi ne wai ita ma ta jefa ƙuri'a. Muka ce, “Kaka, ai matan Arewa ba su fara zaɓe ba sai a shekarun 1970.” Ta yi dariya, ta ce wa jikanta, “Mijina, gaya wa malaman nan ni na shiga layi da goyo a bayana.”

Washegari muka hau wani tudu inda waya ke samun sabis muka bincika. Ita ce da gaskiya. Yankin yana ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, kuma a ƙuri'ar 1961 mata sun yi zaɓe tare da maza. Shekara biyu muna aji, ba mu taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu ba. Kunya ta kama mu sosai.

Da muka koma ba ta haƙuri, sai ta ƙara mana abin da babu a littafinmu. Ƙanwarta tana aure a wajen Banyo, ɓangaren da ya kasance a hannun Faransa. Suna yara, zuwa can ziyarar dangi ce kawai. Bayan ƙuri'ar, ita ta zama 'yar Najeriya, ƙanwar 'yar Kamaru, kuma a can aka binne ta.

Muka tambaye ta wanne ɓangare ta zaɓa. Ta ce mijinta ma ya yi wannan tambayar har ya koma ga Allah bai ji amsa ba, balle mu baƙin kwana uku. Ta miƙo mana ƙullin man shanu, ta ce mu sauka dutsen tun da sauran rana, kafin hadari ya haɗu.