Ƙofar Ruwa, Kasuwar Da 'Yan Mata Ba Su Zuwa

Idan aka ce kasuwa a birnin Kano, na san abin da zai faɗo miki a rai shi ne Kantin Kwari wajen atamfa da leshi, ko Sabon Gari wajen takalmi da jaka, ko kuwa Kurmi wajen turaren wuta. To yau wata kasuwa daban zan kai ki, wadda babu ƙamshi a cikinta sai warin baƙin mai da ƙarar guduma, wato kasuwar Ƙofar Ruwa da ke ƙaramar hukumar Dala. Ta ci sunan ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birni ne, ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta. Nan ne matattarar ƙarafa da kayan gini da kayan gyaran mota, sababbi da na hannu waɗanda ake kira Beljiyam.

Abin da ya kai ni kuwa shi ne, saura kwana uku mu tafi Katsina bikin 'yar kawunmu, sai Yayana ya ce sitiyarin motarsa yana rawa. Na ce, "Yaya, don Allah ka tafi da ni in gani." Ya yi dariya ya ce, "To ƙanwata, sai dai kada ki sa fararen kaya."

Ai kuwa gaskiyarsa. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da mai. Ga injina a jere a ƙasa, ga ƙofofin mota an jingine su kamar faifai, ga fitilu a rataye, masu baro na ta "a ba da hanya!" Har kayan tsohuwar Fijo 504 na gani, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe kamfanin a 1975.

Muka tsaya wajen wani dattijon bakanike. Ya sa yaronsa ya ɗaga gaban motar da jak, ya kama tayar da hannu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya girgiza. Sai muka ji ƙwas-ƙwas. Ya ce, "Alhaji, tayarod ɗinka ya gaji." Da ya ga na zura ido sai ya ce, "'Yata, matso ki gani, ai ke ma a ciki kike zama."

Na durƙusa na leƙa. Wallahi 'yar uwa, wani ɗan siririn ƙarfe ne da bai kai tsawon muciya ba. Baba ya ce shi ne ke haɗa sitiyari da tayar gaba, idan direba ya murɗa, shi ne ke tura tayar ko ya jawo ta. Kowane ɓangare akwai na ciki da na waje, a irin motar Yaya guda 4 ke nan. A bakin na wajen akwai wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa kamar gaɓar kafaɗa, an rufe shi da roba cike da giris. Idan robar ta yage, ƙura da ruwa su shiga, giris ya bushe, sai gaɓar ta cinye, ramukan titi kuma su ƙarasa ta.

Na ce, "Baba, idan aka ƙyale shi fa?" Ya ce, "Wata rana zai fice ana cikin gudu. Tayar ta nufi inda ta ga dama, direba na murɗa sitiyari amma ba ta jin maganarsa." Nan take jikina ya yi sanyi, na tuna mu shida za mu shiga motar nan har da Umma.

Yaya ya tambayi na hannu saboda sauƙi. Baba ya girgiza kai ya ce, "Ƙofa ko madubi ka sayi Beljiyam, amma wannan sabo za ka saya. Araha ba ta ado." Ya ba yaronsa tsohon ya riƙe, suka shiga layin masu kaya tare da Yaya don a gwada a samo daidai da shi.

Aikin kansa bai ɗauki lokaci ba. Aka cire taya, aka sassauta notin da ke ɗaure da shi, aka zare ɗan fil, aka kwance notin bakin, sannan ya buga gefen da guduma har ya saki. Abin da ya burge ni shi ne, lokacin da yake warware tsohon yana ƙirga kowane juyi a bakinsa, da zai ɗaura sabon kuma ya yi juyi daidai da haka. Ya canza ɗaya ɓangaren ma, domin shi ma ya fara wasa. Duk da haka ya ce kada mu hau babban titi sai an je an yi alaimin, wato saita tayoyin su miƙe sak, in ba haka ba motar za ta riƙa jan gefe tana cinye taya.

To 'yar uwa, ba sai kin iya tuƙi ba kafin ki gane wannan ciwon. Idan kin ga sitiyari na karkarwa a hannun direba, ko yana ta faman murɗa shi a miƙaƙƙen titi, ko kin ji ƙwas-ƙwas daga gaba duk lokacin da aka faɗa rami, ko kin ga tayar gaba ta cinye gefe guda, to ki yi magana cikin ladabi. Ko Abba ne, ko Yaya, ko shi gogan naki da yake zuwa zance da mota tana sheƙi. Wanki da turare ba su ne lafiyar mota ba.

Mukan yi wata guda muna shirin anko da lalle, amma ranar kai amarya sai mu cusa kanmu cikin kowace mota muka samu, direbobi na tsere, mu kuma muna guɗa. Rigakafi ya fi magani. Wanda yake son ki da gaske ba zai ji haushi don kin ce a kai mota a duba ba.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai kowace amarya ɗakinta lafiya. Amin.