Kan Jirgin Da Ke Kan Teburina

Abin da ke cinye mini dare bayan sallar isha'i shi ne haɗa ƙananan kawunan jiragen ƙasa masu aiki da kwal, waɗanda ake ƙerawa sak irin na gaske, sai dai an rage girmansu sau 87. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Big Boy na kamfanin Union Pacific a Amurka. Guda 25 kacal aka ƙera tsakanin 1941 da 1944, don su ja kaya su haura duwatsun Wasatch, daga Ogden zuwa Green River. Tsawon na gasken ya kai mita 40. Nawa bai cika rabin mita ba.

Sai da na riƙe shi a hannu na gane dabararsa. Ƙafafunsa masu ja guda 16 ne, an raba su gida biyu, kuma na gaban suna da gaɓa a ƙarƙashin tukunyar tururi. In ya zo kwana, su karkata su bi dogo, ita kuwa tukunyar ta leƙa gefe kafin ta dawo. Har yau ban gaji da kallon wannan ba.

Amma akwai abin da ƙarami ba ya ɗauka. Na gasken, da taragon kwal da ruwansa, ya haura tan 500. In ka rage tsawo da faɗi da tsayi sau 87, abin da zai saura bai kai kilo ɗaya ba. Zafin wuta da gumin masu aikin ma haka suke ɓacewa.

Kawuna ne ya mayar mini da su. Fayaman ne shi a reluwe ta Zariya, zamanin da ake jan gyaɗar Kano zuwa Ikko da kwal ɗin Inugu. Da na nuna masa, sai ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, naka bai taɓa fita aiki ba." Ya ɗora yatsa kan wani tudu a bayan tukunyar, ya ce nan ake zuba yashi. In an yi raɓa ko ruwa, ga hawa ga lodi, ƙafa sai ta dinga juyawa a banza, dole a saki yashin kan dogo ta kama. Shekara da shekaru muna tare, ban taɓa jin ya yi maganar aikinsa haka ba.

Tun daga ranar na daina son kan jirgi mai sheƙi. A ganina wanda aka bari fes ya ɓoye haƙƙin waɗanda suka ƙona fuska a bakin wutarsa. Yanzu ina niƙa gawayi da jan alli, in shafa da ɗan buroshi, Kawu na zaune yana gyara mini: baƙi ya yi kauri daga bututun hayaƙi zuwa baya, tsatsa ta zauna inda ruwa ke ɗiga, a bar hannun ƙofa da matakala su yi haske, don kullum hannu da takalmi na goge su.