Ci-ranin Musa Ma'azu

Akwai wata gardama da ba ta mutuwa a fadojin samari, daga unguwarmu a Gaya har ɗakunan kwanan ɗalibai a Yamai: shin Musa Ma'azu ya yi nasara a ƙwallo, ko kuwa baiwa ce Allah ya ba shi ya watsar? Masu cewa ya watsar hujjarsu guda ce, lissafi. Sai su kama ƙirga da yatsu: Beljik, Rasha, Faransa, Tunisiya, Fotugal, Sin, Danmak, Saudiyya, Isra'ila, Luzambur. Yatsun hannu biyu sun ƙare, ba a ma sa Nijar ba. Daga nan wani ya kwashe da dariya ya ce, "Wanga ai ba ɗan wasa ba ne, ɗan gantali ne."

Ni ban yarda ba. Kuma da yake karatuna na kimiyyar harshe ne, abin da ya fi tsaya mini a rai ba ƙirgar ba ce, kalmar ce.

Bari in fara da mutumin, don ƙannenmu da suka buɗe ido lokacin Victorien Adebayor. An haifi Ma'azu a Yamai a 1988. Ya fara wasa a AS FAN, ƙungiyar sojoji, dogo ne mai gudu kamar an koro shi. A 2008 Lokeren ta Beljik ta ɗauke shi, ya riƙa zuba ƙwallo a raga, shekara ba ta kewayo sosai ba CSKA ta Masko ta saye shi da miliyoyin Yuro a 2009. Yaron Yamai mai shekara 20, a cikin ƙanƙarar Rasha. Mai horarwar da ya tarar shi ne Zico, tsohon gwanin Barazil. A watan Satumba aka sallami Zico, aka kawo Juande Ramos, shi ma bai cika wata biyu ba aka kawo Leonid Slutsky. Masu horarwa uku a shekara ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama yaron shago ya san abin da ake nufi in maigidan da ya ɗauke ka ya tashi: sabon da ya zo da nasa yaran yake zuwa.

Daga nan aka shiga ba da shi aro. Farkon 2010 Monaco ta are shi, kuma can ya yi watanninsa mafi daɗi a Turai. Shi ya ci Lens ƙwallon da ta kai Monaco wasan ƙarshe na Kofin Faransa, inda PSG ta doke su da ci ɗaya bayan ƙarin lokaci. Sai Bordeaux, inda ƙwallo ta ƙi shiga, ya kuma ɓata da magoya baya saboda wata magana mai zafi da ya yi wa ƴan jarida. Ya koma Monaco a farkon 2011, gwiwa ta tashi, aka yi watanni ba shi ba fili. Bayan nan Zulte Waregem, Le Mans, Étoile du Sahel ta Tunisiya. A Fotugal ya farfaɗo, Guimarães tukuna sannan Marítimo, har Changchun Yatai ta Sin ta zo ta saye shi a 2015. Sauran kun ji su a ƙirgar ɗazu.

Kalmar aron nan ma abin dubawa ce. Hausa ta raba aro da rance. Abin da aka ranta, kamar kuɗi ko gero, madadinsa ake maidowa. Abin da aka ara shi kansa ake maidowa, kamar hauya ko tsani. To ɗan wasa aro ake ba da shi: a mora, in ya dakushe a maido wa mai shi. Wanda ya ari hauya ba ya kai ta maƙera. Shi ya sa nake ganin masu zagin Ma'azu ba su taɓa tsayawa sun tambayi wa ke da ikon tafiyar ba. Daga 2010 zuwa 2012 takardarsa tana Masko, ƙafafunsa suna Faransa da Beljik. Ba na cewa ba shi da laifi ko kaɗan; bakinsa ya jawo masa a Bordeaux. Amma rabin tafiye-tafiyen nan ba shi ya yanki tikitinsu ba.

A tsakiyar wannan aron ne ya yi abin da ko masu zaginsa ba su musantawa. Ranar 10 ga Oktoban 2010, a filin Seyni Kunce, Masar ta zo Yamai tana riƙe da Kofin Afirka sau uku a jere: 2006, 2008, 2010. Mena ta doke ta da ci ɗaya, kuma Ma'azu ne ya ci. Ina yaro lokacin, abin da na riƙe shi ne ƴan kabu-kabu sun cika titin da ya nufi gada da hon har bayan isha'i, ƴan Malanbil suna tambayar ko shugaban ƙasa ne ya zo. A shekarar da ta biyo ya sake ci a wasan da muka doke Afirka ta Kudu biyu da ɗaya. Ƙarshen zagayen, Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowa maki tara. Ƴan Afirka ta Kudu har rawa suka taka a fili suna zaton sun wuce, ashe ba su karanta ƙa'ida ba: wasannin da ƙasashen uku suka yi da juna ake dubawa, kuma nan mu ne a sama. Haka Mena ta Haruna Dula ta je Kofin Afirka karo na farko a 2012, ta sake zuwa a 2013. Ba mu ci wasa ko ɗaya ba a can, gaskiya ce. Amma mun je.

Yanzu ga kalmar. Gantali tafiya ce marar dalili, ta wanda bai bar komai a baya ba kuma ba a jiran komai daga hannunsa. Yawo ya ɗan fi ta mutunci, amma shi ma da ka ƙara masa "banza" ko "duniya" ya lalace. Fatauci kuwa na mai jari ne, kaya yake kaiwa ya sayo wasu. Ma'azu ba shi da kaya sai jikinsa. Kalmar da ta dace da shi tana nan a bakinmu kullum, mun dai ƙi ba shi ita ne don ya hau jirgin sama: ci-rani.

Mu ƴan Gaya bai kamata a koya mana wannan ba. Gari ne da Benin ke ƙetaren kogi, Kamba ta Najeriya ke nan kusa, manyan motocin Kwatano suka shekara da shekaru suna ratsa mu. Babanmu ya yi rani goma sha wani abu ba ya gida. Ya yi dako a tashar jirgin ruwan Kwatano, ya yi tebur ɗin shayi a Faraku, ya yi gadi a Legas, ya yi turin ruwa a Birnin Kabi. Ba mu taɓa jin wani ya ce masa ɗan gantali ba. Da girbi ya ƙare sai ya ɗaura ƙunshi, don bakinsa ya fita daga rumbu, abin da ke ciki ya kai mu damina. Ma'anar kalmar ke nan tun asali: ka je ka cinye rani a wani wuri. Kuma dawowa tana cikinta, ba sai an faɗa ba. Wanda ya tafi bai dawo ba, ba ci-rani ya je ba, cewa ake yi ya shiga duniya.

Na taɓa ba shi labarin Ma'azu ina lissafa masa ƙungiyoyin. Baba ba ya kallon ƙwallo. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Duk inda ya tahi ana biyanshi?" Na ce ana biya, Baba. "In ƙasa ta kira shi shina zuwa?" Na ce yana zuwa. Ya ce, "To mi kuke so da shi kuma?"

Wani abu da ke ba ni dariya: fi'ilin guda ne. Da "ci" ake cin rani, da shi ake cin ƙwallo, da shi ake cin kasuwa da cin bashi. In ka sa masa ɗafin da ke jawo aiki zuwa gida, irin na sayo da samo da dawo, sai ka samu "ciwo", kamar a ce ya ciwo mana wasa. A rubuce ba ta da bambanci da ciwon da ya kama gwiwarsa. Sai a baki karin sauti ke raba su. Malaminmu na ginin kalma zai ce wannan haɗuwa ce kawai, kuma ya yi gaskiya.

Turancin Ingilishi yana da suna na musamman ga irin wannan ɗan wasa, journeyman. Mutane na zaton daga tafiya aka samo ta, alhali tushenta kalmar Faransanci ce da duk muka sani, journée, wato yini. A da can sunan mai sana'a ne da ya gama koyo aka yaye shi, amma bai buɗe nasa shago ba, yana yi wa wasu aiki ana biyansa kuɗin yini. Ba ɗan koyo ba ne, ba kuma maigida ba. Rabin teloli da kanikawan Gaya ke nan. Amurkawa sun fi kowa amfani da ita a besbol, wasansu na dukan ƙwallo da sanda. Akwai wani mai jefa ƙwallo, Edwin Jackson, da ya yi wa ƙungiyoyi 14 na babbar gasarsu wasa tsakanin 2003 da 2019. Abin da na lura da shi, can ana lissafa masa goma sha huɗun nan a matsayin tarihi da ya kafa. Hankalinsu ya tafi kan cewa ƙungiya 14 sun dube shi sun ce muna so. Namu hankalin kan tafi ne kan cewa 13 sun sake shi.

Dalilin da ya sa maganar ta wuce gardamar fada a wurina shi ne ƙanena. Yana buga lamba tara a filin unguwa, kuma ba don ɗan'uwana ne ba, ya iya. Yana shekara 17 wani mutum ya zo daga ƙetare da jaka da katin waya biyu, ya ce zai kai yara gwaji Kwatano, daga can sai Turai. Ya karɓi jikka hamsin hamsin a hannun gidaje da yawa. Innarmu ta sayar da tunkiya. Ranar tafiya yara suka yini a tasha da takalmansu cikin leda, wayar mutumin a kashe. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba zuwa wata ƙasa, sai da wasu dalilai ƙalilan da ba su shafi yaranmu ba. Babu wanda ya san haka a unguwar. Abin da suka sani shi ne Eto'o da Drogba da Sadio Mané.

Nan ne nake ganin kalmar gantali take mana ɓarna. In muka ce Ma'azu bai yi komai ba, mun gaya wa yaro cewa sana'ar nan hawa biyu gare ta: ko ka zama Mané ko ka zama abin dariya. Yaron da ya yarda da haka shi ne mai jaka ke nema, don ba zai tambayi kwantiragi ba, ba zai tambayi albashin wata nawa ba ne, ba zai tambayi wa zai biya asibiti in gwiwa ta tashi ba. Waɗannan tambayoyin ɗan ci-rani ne. Baba bai taɓa hawa mota ba sai ya san gidan wa zai sauka da kuma nawa ne dakon buhu. Alhali Ma'azu da ake rainawa, shekara fiye da goma yana cin abinci da ƙafarsa a ƙasashen waje, ya buga wasan ƙarshe a Stade de France. Cikin yaran da ke filinmu kowace yamma, wanda zai kai rabin haka sai an tona.

Mu ma ɗalibai kada mu yi saurin dariya. Yayyenmu da suka gama lisans, nawa ne cikinsu ke zaune a ofis guda? Wannan yana koyarwar kwantiragi a wani ƙauyen Dogon Dutsi, wancan ya yi wata shida yana yi wa wata ƙungiyar agaji tafinta, aikin ya ƙare, ya koma jira. Ni kaina, da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Faransanci a bakina, na san takardar neman aikina za ta yi tsawon ta Ma'azu kafin in kai shekara 35. Ban san wace kalma za a kira ni da ita a fada ba.

Ƙanena yanzu shekararsa 19. Bayan girbin bana wata ƙaramar ƙungiya a Kandi ta neme shi, ba ta hannun kowa ba, mai horarwarsu ne ya gan shi a wani wasan sada zumunci. Kuɗin kaɗan ne, ɗaki ɗaya su huɗu. Inna ta ce ba inda za shi. Baba ya kira shi zaure ya yi masa tambaya uku: nawa za a ba ka, wa ka sani a garin, yaushe za ka komo. Ya amsa biyun farko. Ta ukun ya yi shiru, Baba ya amsa masa: "Kahin ruwan shuka." Ni aka sa na karanta takardar da suka aiko, layi layi, na fassara wa Baba, har wurin da aka ce in ya ji ciwo a fili su ne da magani.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka toshe gadar Malanbil, don haka a kwale-kwale ya ƙetare, tsakanin buhunan albasa da wata mata mai kaji. Ya kira ni ran Juma'ar da ta wuce. Wasa uku ya buga, biyu daga benci, bai ci ko ɗaya ba tukuna. An biya su watan farko, na biyu an ce su yi haƙuri.