Turbar Agyaragu

Daga Agyaragu zuwa Lafiya hanya uku ce: titin motar da ya taso daga Makurɗi, da layin dogon da ya isa Kafanchan a 1927, da kuma turbar ƙafa wadda ke ratsa daji. Ta ukun ce wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya ƙi saki, ko da ya ke 'ya'yansa sun sha miƙa masa kuɗin mota.

Da kaka ya fi son bin ta, sa'ad da gamba ta yi kai, raɓa na jiƙa bakin wando. A da ya kan auna tafiyarsa da itatuwa, watau ɗorawar da Fulani ke hutawa, da kaɗanyar mararraba, da jerin ƙiryar bakin rafi. Yanzu ƙirya ta zama gawayi, ga buhunanta can jibge a bakin titi. Abin da ya rage fili ne na sabara da kututture, iska na kaɗawa ba abin da ke tare ta. Yana da kyaunsa, dattijon bai musa ba, amma babu inuwa.

Abin da ya fi cin ransa shi ne turbar kanta. Kowace damina kunyar doya na ƙara cinye ta taki ɗaya, har a wani wurin sai mutum ya karkace kafaɗa. Shanu kuwa ba su iya karkacewa, kuma mutanen Jihar Nasarawa sun san abin da kan biyo bayan toshe burtali.

Jikansa da ya yi karatu a Ingila ya ba shi labarin tsibirin Wayit, inda wata turba mai kusan mil 70 ta kewaye bakin teku, tana ratsa fako mai gajerun tsirrai. Tun 1949 doka ta sa hukumomin can su zana irin waɗannan hanyoyi a taswira, mai gona kuwa ba shi da ikon rufe su. Dattijon bai damu da zancen teku ba, taswirar ce ta tsaya masa a rai, gama tasa turbar ba ta cikin takardar kowa. A kan tsofaffi ta ke, su kuwa ana ta binne su.

Bana ya fara tafiya da yaron, yana nuna masa inda gefenta ya ke a da, yaron na rubutawa.