Garuruwan Wasa Biyu Na Amurka: Ƙarami Ko Babba?

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Wanda ya iya karatu kuwa yana iya yin tafiya yana zaune bisa tabarmarsa. Yau za mu leƙa ƙasar Amurka, mu dubi wasu wurare biyu da mutane ke zuwa hutu tare da iyalinsu. Ɗaya sunansa Disneyland, yana jihar Kalifoniya, can yamma. Ɗayan sunansa Disney World, yana jihar Fulorida, can kudu maso gabas. Kamfani ɗaya ne ke da su duka, amma tsakaninsu akwai wajen kilomita 3,500, tafiyar awa 5 ke nan a jirgin sama.

In lokacin hutun lakkol ya zo, magidanta da yawa a Amurka sukan tambayi junansu: wanne za mu kai yara? Ni ma ina da ra'ayina, zan kuwa faɗe shi. Amma sai mun fara sanin wuraren tukuna.

Mene ne garin wasa?

Ku ɗauki hawan salla, da kasuwar mako, da dandalin kokowa, ku haɗa su wuri ɗaya, ku kewaye su da katanga, ku sa mai tsaron ƙofa yana karɓar kuɗi. To, kun kusa gane garin wasa. A ciki akwai tituna da kantuna da gidajen abinci. Akwai lilo iri-iri. Akwai ƙananan jiragen ƙasa masu hawa sama su gangaro da gudu, mutane na ciki suna ihu don tsoro da daɗi. Akwai kwale-kwale masu ratsa ɗakuna masu duhu, inda mutum-mutumi ke motsi suna rawa. Da dare a harba wutar wasa sama, gari ya yi haske. Bambancinsa da sallarmu shi ne can kullum salla ce, kuma kullum sai ka biya.

Mutane nawa ke zuwa? A 2023, babban dandalin Disneyland ya karɓi baƙi fiye da miliyan 17. Babban dandalin Disney World shi ma haka. Ku tuna, ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Nijar duka miliyan 17 ne da ƴan kai.

Mutumin da ya fara

Sunansa Walt Disney. An haife shi a 1901. Yana yaro ya yi ƴan shekaru a gonar ubansa, a wani ƙaramin gari na jihar Misuri. Da ya girma sai ya zama mai zane. A 1928 ya fito da majigin wani ɓera mai manyan kunnuwa da ake kira Mickey Mouse. Ɓeran nan shi ne tushen arzikinsa.

Walt yana da ƴaƴa mata biyu. Yakan kai su wurin lilo, su hau dawakan katako masu juyawa, shi kuwa ya zauna bisa benci yana jira. Daga nan tunani ya zo masa: me zai hana a gina wuri mai tsabta inda uba da uwa da yara za su yi wasa tare?

Ƙaramin: Disneyland

Ya sayi gonakin lemu, wajen hekta 65, a garin Anahaim, kusa da birnin Los Anjalas. Aka tumɓuke itatuwa, aka yi gini shekara guda, aka kashe dalar Amurka miliyan 17. Ranar 17 ga Yuli 1955 aka buɗe. Ranar ba ta yi kyau ba. Wasu sun shigo da tikitin jabu, taro ya wuce ƙima. An yi zafi, kwaltar da aka shimfiɗa ba ta bushe ba, takalman mata suka riƙa nutsewa. Famfunan ruwan sha ba su aiki. Amma aka gyara, mutane suka yi ta tururuwa.

Nan ne fa matsala ta taso. Da aka ga kasuwa ta buɗe, sai ƴan kasuwa suka saye filayen da ke kewaye, suka cika su da otel-otel da kantuna da allunan talla. Walt ya so ya faɗaɗa, ya tarar an tsare shi gabas da yamma, kudu da arewa. Abin ya dame shi ƙwarai.

Yau Disneyland yana da wajen hekta 200. Dandali biyu ne a ciki: na asali, da wani da aka ƙara a 2001. Ƙofofinsu suna kallon juna, kamar gidan wa da na ƙane. In ka fito daga wannan, ƴan taku kaɗan ka shiga wancan. Otel uku ne na kamfanin, amma a bakin titi akwai wasu da yawa masu sauƙin kuɗi. Mutum ya tashi da safe ya taka da ƙafa ya shiga. In rana ta yi zafi ya koma ɗaki yara su yi barci, da la'asar a dawo.

Babban: Disney World

Walt bai yarda a sake tsare shi ba. A 1964 da 1965 ya aika wakilai jihar Fulorida, kusa da garin Orlando. Suka riƙa sayen fadama da daji da makiyayar shanu, da sunan wasu ƙananan kamfanoni, ba tare da an san mai saye na gaskiya ba. Suka tara wajen hekta 11,000 a kan dalar Amurka miliyan 5 da wani abu. Mai son ya gane girman filin nan, ya ƙiyasta gona mai tsawon kilomita 11 da faɗin kilomita 10. Da labari ya fito a ƙarshen 1965, kuɗin ƙasa a wajen ya tashi ninkin ba ninkin. Waɗanda suka sayar da wuri sai cizon yatsa.

Walt bai ga wurin a gine ba. Ya rasu ranar 15 ga Disamba 1966. Wansa Roy ne ya ɗauki aikin, ya buɗe shi ranar 1 ga Oktoba 1971. Shi ma ya rasu cikin Disamba na wannan shekara, kamar dai abin da yake jira ke nan.

Disney World yana da manyan dandali huɗu. Na farko, Magic Kingdom, ya yi kama da na Kalifoniya, sai dai kome nasa ya fi girma. Fadar da ke tsakiyar Disneyland tsayinta mita 23 ne, ta nan kuwa wajen mita 57. Ƙarƙashin dandalin akwai hanyoyi na ma'aikata, ta nan ake shigo da abinci a fitar da shara, baƙo bai gani ba. Na biyu, Epcot, an buɗe shi a 1982. A cikinsa akwai unguwanni 11, kowace da ginin wata ƙasa da abincinta. Daga Afirka, Maroko ce ke da unguwa, kuma Sarki Hasan na biyu ne ya aika magina da masu sassaƙa suka yi mata ado. Na uku, na 1989, na harkar majigi ne. Na huɗu, Animal Kingdom, na 1998, na namun daji ne. Ana ɗora mutane a babbar mota a zagaya da su, su ga giwa da zaki da dorina da raƙumin dawa. Nan kam nakan yi murmushi. Raƙumin dawan da suke biyan kuɗi su gani, ga shi a wajen Kure, kilomita 60 daga Yamai, yana kiwo kusa da gonakin mutane.

Ban da waɗannan akwai wuraren wasan ruwa biyu, da otel fiye da 25. Ma'aikata sun haura 70,000. Amma girma yana da nasa nauyi. Galibi ba a zuwa daga wannan dandali zuwa wancan sai da abin hawa: bas, ko jirgin ruwa, ko jirgin ƙasa mai bin doguwar gada, ko wasu akwatuna masu tafiya a sama rataye da igiyar ƙarfe. Ko mai motar kansa in ya ajiye ta, sai ya ƙetare tabki kafin ya kai ƙofar Magic Kingdom. Jiran abin hawa kaɗai yana cin lokaci mai yawa kowace rana.

Kwana, ƙafa da aljihu

Abu uku ne ya kamata mai zaɓi ya auna.

Na farko, kwana nawa gare shi. Disneyland, kwana biyu ko uku sun isa a ga mafi yawan abin da ke ciki. Disney World kuwa dandali huɗu ne, kowane yana son yini guda, ga ranar isowa da ranar komawa. Mako guda ke nan. Wanda ya je da kwana biyu zai dawo da rabin labari.

Na biyu, ƙafa. A wuraren nan biyu ana yini a tsaye, ana tafiya ana bin layi. Mai tafiya da tsohuwa ko da goyo, ƙaramin wuri ya fi masa. Sai kuma yanayi. A Fulorida, daga Yuni zuwa Satumba akwai zafi mai gumi, da hadari da tsawa kusan kowace la'asar. Daga Yuni zuwa Nuwamba kuma lokacin guguwar teku ne, wadda wani lokaci takan sa a rufe wurin. A Kalifoniya waɗannan watanni rani ne, ruwansu sai lokacin sanyi.

Na uku, aljihu, shi ne babba. Ku lura, dalar Amurka daban take da dalarmu ta tamma biyar. A 2024 dalar Amurka ɗaya ta kai wajen sefa 600. A wannan shekara, tikitin yini ɗaya na babban mutum, a kowane daga cikin wuraren biyu, bai kasa dalar Amurka 100 ba, wato wajen jika 60. A ranakun cunkoso yakan kusa ninka haka. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ne kawai ke shiga kyauta. In miji da mata da yara biyu suka je, kuɗin ƙofa kaɗai, a farashin 2024, ya kai wajen jika 240 a yini, ban da abinci, ban da ɗakin kwana, ban da jirgi. Ana ragi ga mai sayen tikitin kwanaki da yawa, amma duk da haka mai mako guda ya fi mai kwana biyu kashe kuɗi nesa ba kusa ba. Ga aikin lissafi: ku raba jika 240 da kuɗin buhun hatsi a kasuwarku, ku ga buhu nawa ne wasan yini ɗaya.

Su ma Amurkawa abin yana yi musu tsada. Akwai masu tara kuɗi shekara da shekaru don tafiyar nan. Akwai kuma masu cin bashi, su yi mako guda suna dariya, su dawo su yi watanni suna biya. Wannan mun san shi, don mun ga masu cin bashin biki da na salla.

Wanda na zaɓa

In da za a ba ni zaɓi, ƙaramin zan ɗauka. Dalilina na farko, hutu ake nema. Wurin da zan taka da ƙafata in shiga, in fita lokacin da na ga dama, ya fi mini wurin da zan yini ina jiran bas. Na biyu, daidai ruwa daidai tsaki: kwana biyu da aka biya da kuɗin hannu sun fi mako guda na bashi. Na uku, Disneyland ne kaɗai wanda mai shi ya taka da ƙafarsa, ya ga yara suna wasa a ciki. Amma mai lokaci da hali, mai son ya ga namun daji da gine-ginen ƙasashe, Fulorida ce tasa, ba zai yi da-na-sani ba.

Duk bambancin nan da muka lissafa, daga abu ɗaya ya fito, wato ƙasa. An sayi kaɗan a Anahaim, wuri ya zama matsattse mai sauƙin yawo. An sayi mai yawa a Fulorida, wuri ya zama mai faɗi mai cin kwanaki. Shi ya sa nakan kawo labarin nan a aji in muna darasin awon gona, kuma nakan ƙara da wani. Kusa da Disneyland akwai wasu manoma ƴan asalin Japan masu gonar kayan marmari, wajen hekta 20. Otel-otel suka kewaye su, masu saye suka yi ta zuwa, suka ƙi sayarwa. Shekara 40 da ɗoriya suna nomansu. Sai a 1998 iyalin suka sayar wa kamfanin, a kan kuɗin da ya ninka abin da aka kashe wajen gina Disneyland ɗin kansa a 1955.

Maraɗi da Damagaram da Tawa suna girma, suna cin gonakin da ke bakinsu. Masu saye suna zuwa ƙauyuka da kuɗi a hannu, wani lokaci ma ba mai sayen na gaskiya ne ya zo ba. Ban ce kada kowa ya sayar da gonarsa ba. Amma kafin ka sa hannu, ka san hekta nawa gare ka, ka tambayi abin da za a yi da wurin, ka karanta takarda da idonka, ka yi shawara da ƴaƴanka. Karatun da muke yi da dare, ga ranarsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu hutu marar bashi. Amin.