Dogon Hutu a Shadawanka

A Bauchi dogon hutu da damina tare suke sauka. Ana rufe makarantu wajen ƙarshen Yuli, masara ta fara goyo, ba a komawa aji sai cikin Satumba, lokacin da dafaffiyar gyaɗa ta cika farantan talla. Duwatsun da ke kewaye da gari, waɗanda rani ke bari toka-toka, sai su yi kore shar, kududdufai su cika, kwaɗi su hana kowa barci. Mu da muka tashi a gefen barikin Shadawanka, mazaunin Birged ta 33 ta sojojin atilare, a cikin waɗannan makonni muka koyi yawancin abin da muke ci da shi yau, ko da yake a lokacin wasa muka ɗauke shi.

Ni ba ɗan soja ba ne. Mahaifina malamin firamare ne, gidanmu kuma a waje yake. Amma a shekarun 2007 zuwa 2010 ƙofar bariki ba ta da wuyar shiga ga yaron unguwa: ka gaida na bakin ƙofa, ka wuce. A ciki kuwa Nijeriya ce gaba ɗayanta jere a layi-layi, Tibi, Idoma, Bacama, Yarbawa, Ibo, mutanen Zuru, kowace ƙofa da ƙamshin miyarta. Yaran bariki suna jin Hausa da Buroka, sau da yawa a jumla guda za ka ji duka biyun. Mu buga ƙwallo in sojoji sun tashi daga fili, mu ƙera motar langa-langa da gwangwanin madara da tsohon silifa, in ruwa ya tsuge mu fake a baranda ana gasa masara. Sai dai abota a bariki tana da wa'adi. Ka shaƙu da yaro a wannan hutu, hutu na gaba ka tarar da wasu a ɗakinsu, a ce an yi wa babansa canjin aiki zuwa Jos ko Kaduna ko Fatakwal. Ba lambar waya, ba adireshi.

Iyayenmu ba su yarda da zaman banza ba. Hutu na kamawa za a raba yara: wannan wajen tela, wancan garejin bakanike, wani gona, wani lesin. Ni Baba ya kai ni wajen wani mai hoto a kasuwar mami ta bariki, don ya lura ba na barin bangon littafi ba zane. Ya ce masa, "Ga ɗanka nan, ka riƙe shi kamar naka." Mutumin, wanda kowa ke kira Oga, ya dube ni ya miƙo mini tsintsiya.

Shagon ɗan ƙarami ne. Akwai labule mai zanen gidan bene da furanni, da kujerar roba, da fitilu biyu masu lema, da janareto a bayan ƙofa saboda wuta ba ta da tabbas. Oga yana da ƙaramar kyamarar zamani ta fasfo, amma duk hoton da ya ɗauka da muhimmanci da fim yake ɗauka, mai cin hoto 36, a kai cikin gari a wanko. Aikina shara, riƙe fitila, yanka fasfo da almakashi, da raba hotuna gida-gida cikin ambulan. An daɗe kafin ya bari na taɓa kyamara, kuma a wannan jiran na koyi sana'ar.

A lokacin ana tura sojojin Nijeriya aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur da Laberiya. In tafiya ta matso, sai ka ga kofur ko saje ya shigo da kaki a goge, matarsa a baya da goyo, yara sun sha mai suna ƙyalli. Soja in ya tsaya gaban kyamara ƙamewa yake yi kamar ana fareti. Oga ba ya dannawa. Sai ya shiga tambayarsa garinsu, da abin da ake nomawa a can, da wanda ya fi rigima cikin yaran, har kafaɗun mutumin su sauko, har matar ta yi dariya ta rufe baki da gefen zane. Sannan ka ji ƙas. Wata rana na tambaye shi me ya sa yake ɓata lokaci alhali mutane na jira a waje. Ya ce, "Yaro, kaki kowa na da shi a nan. Matar nan mijinta ta zo ɗauka." Ya san wannan hoton zai zauna a bangon ɗaki watanni, yara suna nuna shi da yatsa, ya kuma san akwai gidan da shi ne zai zama na ƙarshe. Fim kuɗi ne, ba a danna goma a zaɓi ɗaya, don haka dole ido ya gama aikinsa kafin yatsa ya motsa. Daga baya na yi karatun aikin jarida, na koyi sunayen abubuwa da ƙa'idojinsu, amma ban sami malamin da ya ƙara mini wani abu a kan wannan ba.

Azumi ma a cikin dogon hutu ya riƙa faɗowa a shekarun nan, a watan Agusta na 2009 da 2010. Da dare mu yi tashe, yaran bariki Kirista suna biye da mu suna amshi, ranar Sallah kuwa shago ya cika har waje, kowa na son a ɗauke shi da sabon ɗinki kafin ya tafi kallon hawa a ƙofar fada. Na kuma tuna asubahin 23 ga Agusta, 2008, da muka cika gidan kallo tun duhu bai yaye ba, Ajantina ta ci 'yan wasan Samson Siasia ɗaya da nema a wasan ƙarshe na Olamfik a Beijing. A 2009 kuma, da aka buga wasu wasannin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, hankalina bai tsaya kan ƙwallo ba. Masu hoton da ke zaune bayan raga nake kallo, da dogayen kyamarorinsu. A nan na fara sanin cewa sana'ar Oga tana iya kai mutum wata ƙasa.

Ranar Lahadi 29 ga Mayu, 2011, ranar da aka rantsar da Goodluck Jonathan, bama-bamai suka tashi da dare a kasuwar mami ta Shadawanka. Mutane fiye da goma suka rasu, da yawa suka jikkata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Daga nan ƙofa ta tsananta, kuma ba wanda zai ga laifin haka: bincike, tambaya, wa ka zo nema. Dogon hutun shekarar a gida muka yi shi. Ciniki ya ja baya, wayoyi masu kyamara suka ƙarasa abin da ya saura, Oga ya tattara ya koma garinsu. Fina-finan da ya tara cikin kwalaye, fuskokin ɗaruruwan iyalai, ba su bi shi ba, ba su kuma zauna a hannun kowa ba.

Yau da kyamara nake ci. Juma'a zuwa Lahadi ina wajen biki, kamu da walima da dina, sauran kwanaki ina gaban kwamfuta ina tace bidiyo. Alhamdulillahi, sana'a ce mai rufin asiri, ba na raina ta. Amma duk matashin da ke wannan aiki a Bauchi akwai ranar da za a ce masa ya tashi. Abokaina wasu sun tafi Kano, inda tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka karɓu, ake neman masu ɗauka da masu tacewa. Wasu suna Abuja suna yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi talla. Wasu sun koma TikTok da YouTube, suna samu daidai gwargwado. Baba kuma har gobe yana tambaya ko an buɗe ɗaukar aiki a gidan talabijin na jiha, domin a wurinsa aikin da ba fansho a ƙarshensa lalube ne. Ina fahimtarsa, albashi ne ya raine mu.

Abin da ya tsayar mini da shawara labarin wani fim ne. Shaihu Umar, littafin da ɗan Bauchi, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rubuta, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Shekara da shekaru ana ɗauka fim ɗin ya ɓata, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. In aikin da aka gina kan littafin Firayim Minista ya kusa salwanta haka, ina ga kwalayen mai hoton kasuwar mami? Muna ɗaukar hoto yau fiye da kowane zamani, amma waya na lalacewa ko a sace ta, shi ke nan. Na nemi hoton kasuwar nan kamar yadda take kafin 2011, a wajen abokai da 'yan uwa da intanet. Abin da na samu na bayan tashin bam ne.

Saboda haka na zauna. Biki zai ci gaba da biyan haya da man janareto, Litinin zuwa Laraba kuwa na ware su. Ina bin tsofaffin masu hoto na Wunti da Yalwa da cikin gari, waɗanda har yanzu ke da fim a akwati, ina roƙon su ba ni aro in kwafe a kwamfuta in mayar musu, tare da rubuta shekara da unguwa in sun tuna. Wasu suna ba ni nan take, wasu sai na yi ta sintiri, kuma suna da gaskiya, dukiyarsu ce. Ina kuma zama da tsofaffin sojojin da suka yi ritaya suka zauna a Bauchi, da matansu, ina naɗar hirarsu da izininsu. A dogon hutun bana yara biyu na unguwarmu za su zo shagona, iyayensu sun riga sun yi magana. Zan ba su kyamara da sharaɗin kada kowa ya wuce hoto 36 a rana, kuma kowane hoto sai an rubuta wanda ke ciki da inda aka ɗauka.